Dodannin Japan a Wayoyin Yaran Gidan Sori: A Hana Ko A Bari?

A Gidan Sori babu gidan silima, ba kuma kowane gida ke da tele ba, amma fim bai taɓa neman iznin mai gari ba kafin ya shigo. Ƙofarsa ita ce rumfar mai cajin waya. Nan ake zuba wa mutum waƙa da wa'azi da finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa a cikin memori, ya ba da ƴan daloli ya kama gabansa. A ƴan shekarun nan wani baƙo ya biyo wannan hanya, wato zane mai motsi na ƙasar Japan da ake kira anime. Ɗaliban da ke karatu a Maradi ne suka fi zuwa da shi in sun dawo hutu, sauran kuma guntaye ne da ke yawo a TikTok da WhatsApp. Bai kama ƙafar fim ɗin Indiya ba wajen farin jini, amma ya kai inda uba da malamin lakwal za su zauna a kansa su tashi ba su daidaita ba.

Kafin a ji ta bakin kowa, gara a san abin da ke ciki, don da yawan masu tsine masa ba su taɓa kallon kashi ɗaya har ƙarshe ba, da yawan masu kare shi kuma suna tsallake wuraren da ba su so a gani.

Biyu ne suka fi tashe. Na farko Kimetsu no Yaiba, wanda aka fi sani da Demon Slayer. Zanen Koyoharu Gotouge ne, ya fito a mujallar Shonen Jump daga 2016 zuwa 2020, kamfanin Ufotable kuma ya mai da shi fim a 2019. Labarin wani yaro ne mai sayar da gawayi, Tanjiro, ɗan shekara 13, ubansa ya rasu. Ya sauka gari talla, dare ya yi masa ya kwana a hanya, da safe ya iso gida ya tarar an kashe uwarsa da ƙannensa huɗu. Ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta yi rai, ita ma ta rikiɗe ta zama irin dodannin da suka yi ɓarnar, masu cin naman mutane, waɗanda ba sa mutuwa sai rana ta taɓa su ko an sare musu kai da wani takobi na musamman. Tanjiro ya goya ta a cikin akwatin katako, ya shiga ƙungiyar masu farautar dodanni, yana neman maganin da zai mai da ita mutum. Fim ɗin silima da aka ciro daga wannan labari a Oktoban 2020 ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan, kuɗin da wani fim bai taɓa tarawa ba a ƙasar kafin shi.

Na biyu Jujutsu Kaisen na Gege Akutami, wanda aka zana daga 2018 zuwa 2024, kamfanin MAPPA ya fara fim ɗinsa a 2020. Yuji Itadori ɗalibin lise ne ɗan shekara 15. Don ya ceci abokansa ya haɗiye busasshen yatsan wani tsohon mugu mai suna Sukuna, shi ke nan Sukuna ya samu masauki a jikinsa. Aka yanke wa yaron hukuncin kisa, aka jinkirta, aka kai shi wata makaranta a Tokyo inda ake koya wa samari da ƴan mata yaƙi da miyagun halittu. A wannan labari dodanni daga zukatan mutane suke fitowa: tsoro da ƙiyayya da baƙin ciki su taru a wuri su yi jiki, shi ya sa suka fi yawa a makarantu da asibitoci.

Masu cewa a hana, hujjarsu ta farko ta addini ce, kuma duk wanda ya ce hujjar banza ce bai kalli fim ɗin da kyau ba. A Jujutsu Kaisen akwai wata yarinya, Nobara, tana cikin jaruman da ake so yaro ya ƙaunata. Makaminta guduma ce da ƙusoshi da ƴar tsana ta ciyawa. In ta samu wani yanki na jikin abokin gaba, sai ta ɗora a kan ƴar tsanar ta buga ƙusa, ciwon ya same shi can inda yake. Wanda ya girma a ƙasar Gobir ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan aiki, ya san waɗanda ake zuwa wurinsu da gashin kishiya ko ƙasar sawun maƙiyi. Mai zanen ma ba ƙirƙira ya yi ba, daga wani tsohon sammu na Japan ya ɗauko, wanda ake kafe ƴar tsana da ƙusa a jikin itacen wurin bauta da tsakar dare. A Kimetsu kuwa, salon takobi mafi ƙarfi da Tanjiro yake da shi ya gada ne daga rawar da ubansa yake yi wa abin bautar wuta duk sabuwar shekara, daga faɗuwar rana har gari ya waye. Wasu daga cikin alamun da jarumai ke yi da yatsu, waɗanda yara ke kwaikwayo a bakin titi, suna da tushe a ibadar mabiya Buddha.

Malamai masu wannan ra'ayi suna cewa ba bayyanar sihiri a fim ce ta dame su ba, ai labarin Haruta da Maruta yana cikin Baƙara, almajiri yana karanta shi. Abin da ya dame su shi ne a hannun wa aka sa sihirin. In mugu ne ke tsafi jarumi ya karya shi, yaro ya koyi ƙin tsafi. In kuwa jarumi ne ke tsafin, da makaranta da malamai da jarrabawa da ƙarin girma, to an wanke shi an sa masa riga. Icce, in ji su, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan magana ta fi nauyi a nan bisa yadda za ta yi a Tokyo ko Paris. Tsibirin Gobir na cikin gundumar Gidan Rumji kamar Gidan Sori, Maradi kuma tun da can cibiyar bori ce, da Iyarta da Doguwarta. Gwagwarmaya tsakanin bori da masu wa'azi ba tarihi ba ce da ya wuce: a Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka yi a Yamai, fushin da ya tashi a Maradi har gidan Iya, shugabar ƴan bori, bai bari ba. Ga kuma faɗuwar ƴan mata a azuzuwan kwaleji, da ake cewa aljannu ne, har a kira masu ruƙiyya, abin da ya sha faruwa a makarantun Nijar, wanda masaniya Adeline Masquelier ta yi rubutu a kai. Yaron da ya ga an fito da yayarsa daga aji tana magana da muryar da ba tata ba, in ya ga baki ya tsage a kumatun Yuji Sukuna yana magana ta ciki, da wuya ya ɗauke shi wasa zalla.

Na ga an yi wannan gardama a tsaye a bakin wata rumfar caji. Wayoyi jere a kan tebur, kowace da lambarta a liƙe, batirin sola yana ƙasa an rufa masa buhu saboda ƙura. Wani dattijo ya zo karɓar tasa, ya tarar da ɗan ƙanensa da wasu yara sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi. Ya leƙa, ya yi daidai da inda yarinyar nan ke ɗaga guduma.

"Kai, wannan ba tsafi ba ne nake gani?"

"Baba, zane ne fa. Mugaye take yaƙa."

"Boka ma ai haka yake cewa. Wa ka taɓa ji ya ce shi ne mugun?"

Yaran suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya karɓi wayarsa ya biya, ya yi gaba yana girgiza kai, su kuma suka mayar da fim ɗin baya don kada su rasa wurin da ya katse musu.

Hujja ta biyu ta jini ce da shekaru, kuma a nan ina tare da masu hani ba tare da wani kwana-kwana ba. Iyaye suna ganin zane sai su ɗauka irin na kyanwa da ɓera ne, su miƙa wa ɗan shekara bakwai waya don ya bar su su huta. Alhali a Japan kanta kashin farko na Jujutsu Kaisen bayan ƙarfe ɗaya na dare aka riƙa nuna shi a tele. Fim ɗin Kimetsu na 2020, da ya je Amurka, an sa shi a rukunin da ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Ana sare kawuna a fili, ana cin mutane, kuma kashin Jujutsu da aka nuna a 2023, wanda ya faru a unguwar Shibuya, kisan bayin Allah ne tuli guda. Wani zango na Kimetsu ɗungurungum a unguwar karuwai ta Yoshiwara aka gina shi, da shigar da uwa ba za ta so ɗanta ya ƙura wa ido ba. Can suna da sa'o'in nunawa da alamar shekaru. A memori babu ko ɗaya, fim ɗin yana nan kusa da karatun Alƙur'ani da waƙar biki, ko wane yatsa ya taɓa ya buɗe.

Ta uku lokaci ne. Wani anime mai suna Naruto kaɗai, in aka haɗa zangonsa biyu, kashi 720 ne, sama da awa 270 ke nan. An kuma gina kowane kashi don ya ƙare a inda ba za a iya tashi ba. Yaron da zai yi sammako gona da damina, ko ya je allo da asuba ya wuce lakwal, in ya kai ƙarfe biyu na dare a kan waya, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san abin da zai faru a aji.

To, masu cewa a bari fa? Su da tambaya suke farawa: yaushe muka fara tsoron dodo a labari? Tatsuniyar Hausa cike take da Dodo mai haɗiye gari, da yarinyar da ta ƙi kowa ta auri baƙo ashe ba mutum ba ne, da ƙaramin yaron da ya fi manya dabara ya ceto ƴan uwansa. Labarin kafuwar Hausa Bakwai ma na baƙo ne da ya sare kan maciji a rijiyar Kusugu ta Daura. Littattafan da aka fara bugawa a Zariya a 1934 sun bi wannan sawu: Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da aljannu ya yi hulɗa kafin ya kai ga ruwan, Ganɗoki ya bar yaƙin Nasara ya faɗa ƙasashen aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da aka karanta a makarantu shekara da shekaru, manazarta sun nuna tushensa jarumin tatsuniyar Rasha ne, Ilya Muromets. Har yau littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu matsafa da sadaukai da takubban sihiri, ana sayensu ana karanta su a rediyo da intanet. Aron labari daga nesa tsohuwar sana'armu ce.

Suna ƙarawa da wadda ta fi ciwo. Duk shekara ƙasar nan takan tsaya cik don kokowar Takobi, tun 1975 da Kantu na Maradi ya fara ɗauka. Ƴan kokowa suna shiga fili da layu da guraye, ana fesa ruwan magani, ana nunawa a Télé Sahel, dattijo da jikansa suna kallo tare suna ihu. Finafinan Indiya da muke sha da fassarar Hausa kuwa, gumaka nawa ake yi wa sujada a ciki? In ƴar tsanar Nobara ce matsala, to ba ita ta fara shigowa gida ba. Wannan hujja ba ta wanke anime, laifin wani ba ya goge na wani, amma tana nuna cewa wani ɓangare na ƙyamar baƙunta ce kawai.

Sai kuma abin da labaran ke koyarwa, wanda masu hani ba sa ambata. Kimetsu daga farko har ƙarshe labarin zumunci ne. Kowa ya ce wa Tanjiro ya bari a kashe ƙanwarsa tunda ta zama abin da ta zama, ya ƙi, ya durƙusa ya roƙa, ya goya ta ya yi ta yawo da ita. Kafin a ba shi takobi ya shekara biyu a hannun wani tsoho a kan dutse, yana hawa yana sauka, yana faɗa wa tarko, tafin hannunsa ya yi kanta. Babu wanda ya samu ƙarfi a kwance a irin waɗannan labarai, kuma babu jarumin da ba shi da malami. Yuji wasiyyar kakansa yake bi, wadda ya yi masa a gadon asibiti, cewa ya yi amfani da ƙarfinsa ya taimaki mutane. Naruto maraya ne da gari ya tsangwama saboda abin da ba shi ya jawo ba. Malaman lakwal da ke goyon baya suna ƙara cewa mai kallo da rubutun Faransanci a ƙasa dole ya koyi saurin karatu, kuma akwai yaran da ba su taɓa riƙe fensir don son ransu ba sai da suka so zana fuskar Gojo, malamin Yuji, a bayan littafi.

Tarihin wasu ƙasashe ma suna jawo shi. A Faransa, tun da aka fara nuna Goldorak a 1978 iyaye ke kuka, har ƴar siyasa Ségolène Royal ta rubuta littafi a 1989 tana sukar zanen Japan da ake nuna wa yara. Waɗannan yara su ne iyaye yau, Faransa kuma ita ce ta biyu bayan Japan wajen sayen littattafan zanen Japan da ake kira manga. Saudiyya ta haramta Pokémon da fatawa a 2001. Shekara 20 bayan haka, a 2021, kamfanin Manga Productions na Saudiyya ya haɗa hannu da Toei na Japan suka fitar da fim na zane a kan harin Abrahata da giwayensa a Makka.

Mu ma muna da namu misali, kuma kowane ɓangare yana iya cewa nasa ne. A 1966 Mustafa Alasan, ɗan Nijar, ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, kowa ya ɗauki sunan Bature, Zalika Sule ta fito a matsayin Sarauniya Christine. Wasa ya zama gaske, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa har aka yi kisa. Masu hani za su ce kun gani, tun shekara sittin da suka wuce wani mai hankali ya hango abin da fim ɗin waje ke yi wa samari. Masu bari za su ce a dubi mutumin da kansa. Silimar waje ta shiga ransa, bai zama ɗan fashi ba, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka ta Yamma: Bon voyage Sim na shugaban kwaɗi a 1966, Samba le Grand da ƴan tsana a 1977, da Kokoa inda kwaɗi ke kokowa. Ya zauna a Tawa yana aikinsa har ya rasu a Wagadugu a 2015. Abin takaici, yaron da ya haddace sunayen mayaƙan Kimetsu da wuya ya taɓa jin nasa.

Akwai wurin da gardamar Gidan Sori ta rabu da ta Faransa da ta Saudiyya, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, yawancinsu mata da yara, kuma gundumar Gidan Rumji ce ta karɓi kaso mai yawa. Hukumar ƴan gudun hijira ta HCR ta zaunar da wasu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa sun taɓa ƙauyukan wannan gefe na iyaka su ma. Ke nan kashin farko na Kimetsu, yaro ya dawo daga talla ya tarar da gawar uwarsa a gida, akwai waɗanda a cikin masu leƙen wayar nan ba a zane suka fara ganinsa ba.

Masu hani suna cewa wannan kaɗai ya isa. Wanda ya ga jini na gaske me zai yi da ƙari? Fama masa ciwo za a yi, a hana shi barci. Sun kuma ce a dubi abin da labarin ke faɗa wa ɗan shekara 13: hukuma ba ta san da dodannin ba, manya sun kasa, kai za ka ɗauki takobi. A yankin da makami ke yawo, da ake jan samari shiga daji ko shiga ƴan sa-kai, wannan ba saƙo ba ne da za a yi wasa da shi. A Zamfara an ga yadda ramuwar gayya tsakanin ƴan sa-kai da makiyaya ta mai da satar shanu yaƙin da ya cinye garuruwa. Labarin da ya raba duniya gida biyu, mutane da dodanni, yana da haɗari a wurin da ake iya laƙaba wa ƙabila guda sunan dodo.

Masu bari suna cewa a kalli abin har ƙarshe tukuna. Kusan duk dodon da Tanjiro ya kashe, sai an tsaya an nuna wane ne shi kafin ya lalace: yaro mai ciwo, maraya da aka wulaƙanta, ɗan talakan da aka tattake. Akwai inda ya riƙe hannun dodon da ya sare, wanda ya cinye yara da dama, yana masa fatan kada ya sake zama haka. Bai yafe kisan ba, bai kuma yarda a taka gawar ba. Sannan wadda ya fi ƙauna a duniya tana cikin jinsin da yake yaƙa, don haka ba shi da damar cewa duk ɗaya suke. Sun ce yaron da aka yi wa ɓarna, da manya ba sa zama su yi magana da shi a kai sai dai a ce ya yi haƙuri, yana iya samun wani sauƙi in ya ga wani kamarsa ya yi kuka a fili, ya binne nasa, ya tashi, bai kuma zama mugu ba.

Na fi karkata ga wannan karatu na biyu, amma da sharaɗi mai nauyi. Tausayin dodo yana cikin cikakken kashi, a mintunan da babu faɗa. Guntayen TikTok ba sa ɗauko shi, saran kai suke ɗaukowa da kiɗa mai zafi. Wanda bai jin Faransanci sosai, balle Japananci, hoto kawai yake bi, hoton kuwa takobi ne da jini. Saƙon da masu bari ke yabo yana iya tsayawa a hanya bai iso ba, abin da masu hani ke tsoro kuma ba ya bukatar fassara.

Haka nan kwatanta shi da tatsuniya ya yi sauƙi da yawa. Tatsuniya da dare ake yi, bayan an gama aiki, tana da mabuɗi tana da marufi, in an ce ƙurunƙus kowa ya tafi ya kwanta. Mai ba da ita kuma tana ganin fuskokin masu saurare. Kaka tana auna tsoro kamar yadda take auna barkono a miya, in ta ga idon ƙarami ya kawo ruwa sai ta rage, ta sako Gizo a yi dariya. Dodon nan dai shi ne, amma waya ba ta san shekarun mai riƙe da ita ba, ba ta san abin da ya gani bara ba.

Hani na ƙarfi kuwa, ban ga ta inda zai yiwu ba. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, da ƴan Hisba, da kotu, amma abin da ke cikin wayoyi ya fi ƙarfinta. Ƙasar Sin ta haramta zanen Japan 38 a 2015, ita da ke da katangar intanet, masu kallo ba su ƙare ba. Memori ɗan abu ne da ake sakawa a naɗin hula. Uban da ya fasa wayar ɗansa ya tura shi gidan maƙwabci ne, ya kuma rufe ƙofar da yaron zai zo ya tambaye shi.

Da ni za a bi, Jujutsu Kaisen ba na ɗan firamare ba ne, ba kuma na ɗan farkon kwaleji ba, kuma mai rumfar caji ya san wa yake zuba wa, tunda ya san uban kowa a gari. Kimetsu zan bar ɗan shekara 13 ko 14 ya kalla, cikakke ba guntaye ba, da babba a kusa aƙalla a kashin farko-farko, a tsallake zangon Yoshiwara. In an zo rawar wuta a faɗa masa kai tsaye cewa wannan bautar wasu mutane ce, mu ba haka muka yi imani ba, kamar yadda ake faɗa masa in gunki ya fito a fim ɗin Indiya. Yaron da aka gudo da shi daga hari kuwa, mai riƙonsa ya fi kowa sanin ko yana firgita da dare, shi ke da ta cewa. Na san masu hani za su ce wane uba ne ke da lokacin zama kallon zane bayan ya yini a gona ko kasuwa, kuma gaskiyarsu. Sai dai yayye suna nan, su ne ma suka kawo fim ɗin, nauyin ya fi dacewa da su.

Duk wannan kafin Hausa ta shiga ciki ne sosai. Dokar da aka kafa a Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, kasuwar masu jin Hausa kuma ta haɗa ƙasashe, masu ɗora murya irin su Algaita a Kano sun daɗe da gane haka. Ranar da suka juyo kan zanen Japan gadan-gadan yadda suka yi wa na Indiya, shingen harshe ya faɗi. Tausayin Tanjiro zai iso kunnen ɗan ƙauye, haka ma bayanin yadda ake ɗaure mutum da ƴar tsana. Larabawa sun bi wata hanya tun 2000 da tashar Spacetoon, inda masu ɗora murya a Dimashƙa suke yanke wasu wurare, su sauya wasu maganganu, har tufafi sukan gyara, masoya na asali suna ƙorafin an ɓata musu labari, iyaye suna godiya. Namu masu fassara sun fi saba wa ƙara barkwanci da habaici don kaya ya shiga kasuwa. A ɗakin ɗaukar murya za a yanke shawarar ko ƙusar Nobara za ta fito ko za a yanke ta, kuma mai yankewar zai duba abin da masu rumfunan caji za su saya ne.